Dankali a Gaban Alƙali

Ku matso kusa, 'yan uwana, a gyara zama, wadda ke bakin ƙofa ta turo mana ita, don maganar da na ƙunso yau idan wani ya tsinci rabinta daga waje sai ya ce taɓuwa muka yi. Maganar dankali ce. Ba namu na Hausa mai zaƙi ba, na turawa, wanda muke ferewa mu soya da ƙwai ranar da aka yi baƙi. Shi wasu bayin Allah a Amurka da Turai suka ɗauka suka mayar harsashi, har ta kai manyan hukumomi sun zauna, ga lauyoyi ga alƙalai ga takardu tuli, ana tambaya ko abin da ke harba shi bindiga ce ko kuwa wasan yara. Na ga kun fara murmushi. Ku dakata tukuna, dariyar tana gaba, wallahi.

Ga yadda abin yake. Fayif ne na roba, irin wanda masu aikin famfo ke jan ruwa da shi, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum ko ya ɗara, gindinsa ya fi bakinsa faɗi. Sai a ɗauko dankali a danna a baki da tafin hannu, bakin fayif ɗin ya yanke gefe da gefe, ruwan dankalin na tsiyaya ta tsakanin yatsu, abin da ya shige kuma ya toshe ramin tsaf, ba inda iska za ta bi. A sa sanda a tura shi can ƙasa. Ta baya kuma a fesa ɗan abin da ke kama wuta, galibi turaren gwangwanin nan da ake fesa wa gashi don ya tsaya, a murɗe murfi, a danna maƙunni. Sai ki ji fum! Wani sauti mai kauri da ƙirji ke riga kunne ji, dankalin ya yi sama ya koma ɗan ɗigo, ya ɓace bayan itatuwa, sannan wari ya biyo baya, na turare haɗe da ƙauri. Akwai kuma wata iri da ba ruwanta da wuta, iska ake ɗura mata da famfon taya har ta cika tam, a sake ta gaba ɗaya. Ku riƙe mini bambancin nan, mai wuta da mai iska, don doka ta damu da shi ƙwarai. Igwar dankali ke nan, jama'a, ikon Allah!

Ni abin da ke kashe ni da dariya, in kika kalli masu yin a YouTube, ba yara kaɗai ba ne. Ga magidanci da gemu har da furfura, ga maƙwabcinsa, ga 'ya'yansu, kowa ya ɗaga kai sama baki buɗe yana neman inda dankalin ya nufa, da ya faɗo can nesa sai ihu da tsalle da tafawa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mun san wannan farin cikin. Wace ce a cikinmu ba ta da ƙane ko ɗa da ya kwance rediyon gida don ya ga mai maganar da ke ciki, ko ya rataya danƙo a wuya da tsakuwa cike da aljihu, ko ya haɗa bindigar ashana ya firgita kajin unguwa? Hannun yaro mai son sani ba ya zama wuri ɗaya. A Amurka har littafi wani injiniya mai suna William Gurstelle ya wallafa a 2001 kan irin waɗannan ƙere-ƙere na tsakar gida, malaman kimiyya kuma sukan ɗauki igwar dankali su fita fili da ɗalibai su koya musu lissafin gudu da nisa. Abin yana da daɗi, kar mu ɓoye wa juna, yana da daɗi sosai.

Kuma fa ba yau aka fara ba. A 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Jamus suka addabi jiragen ruwan Birtaniya masu dakon kaya, ga shi bindigogin kakkaɓo jirgi sun yi ƙaranci. Sai wani kamfani mai suna Holman, a garin Camborne da ke yankin Cornwall, wanda sana'arsa ƙera injinan matse iska ce da na huda dutse don masu haƙar ma'adinai, ya fito da dabara: bututun ƙarfe kawai, a jefa gurneti ta baki, matsattsiyar iska ko tururin tukunyar jirgi ya cilla shi sama. Aka ƙera dubbai aka rarraba wa jirage. Kakkaɓo jirgin sama dai bai cika yi ba. Amma ma'aikatan jiragen, samari ne da kewar gida ta dama a tsakiyar teku, ba su daɗe ba suka gano cewa bututun nan ba ya ƙin duk abin da aka saka masa a baki. Sai a shiga kicin a kwaso dankali, wannan jirgi ya harbi wancan, ana ƙyaƙyata dariya. Ku duba fa, mutuwa na shawagi a kansu dare da rana, amma ƙuruciya ba ta sake su ba. Har tausayi suka ba ni, Allah sarki.

To, yanzu mu je gaban alƙali, mu fara da Amurka tunda can abin ya fi yin gida. Dokar tarayya ta 1968, wadda aka yi a shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, ta ce bindiga ita ce makamin da ke fitar da harsashi da ƙarfin abu mai fashewa. Akwai kuma tsohuwar doka ta 1934, ta zamanin 'yan daban Chicago, wadda daga baya aka ƙara mata wani rukuni na kayan ɓarna, inda aka jera bam da gurneti da roka, aka haɗa da makamin da faɗin bakinsa ya wuce rabin inci. Rabin inci fa, ƙawata, bai kai kaurin babban yatsanki ba. Bakin igwar dankali kuwa inci ɗaya da rabi ne, ko biyu. Wanda aka kama da abin da ke wannan rukuni, bai yi rajista ba, bai biya harajin dala 200 ba, yana iya kwasar shekara 10 a gidan yari. Kun ga in da faɗin baki kaɗai za a bi, da ɗan fayif ɗin nan da gurneti ɗaki ɗaya za su kwana. Tabɗijam!

Abin da ya cece shi, dokar ta ware duk abin da ba don ya zama makami aka ƙera shi ba. Akwai hukumar da ake kira ATF, mai kula da harkar barasa da taba da bindigogi da abubuwa masu fashewa. Mutane suka yi ta aika mata wasiƙu suna tambaya, ita kuma ta duba ta ba da amsa: matuƙar dankali ake harbawa, kuma don nishaɗi kawai, ba makami ba ne, saboda haka ba bindiga ba ce. Ni dai ina hango ma'aikacin da aka dire wa fayif a kan tebur aka ce ya duba ya rubuta rahoto, ga shi da taye a wuya, wayyo cikina. Amma hukumar ba ta tsaya nan ba. Ta ce idan ƙirar abin, ko abin da aka ɗura masa, ko yadda aka yi amfani da shi, ko niyyar mai shi, suka nuna makami ne, to ya zama bindiga, ya kuma faɗa rukunin kayan ɓarna. Har misali ta bayar, na waɗanda aka ƙera don harba ƙwallon tanis mai ci da wuta. Wato fayif ɗin bai canza ba, yaron bai canza ba, da safe wasa ake, da yamma wani aboki mai rawar kai ya ce a gwada cinna wa ƙwallo wuta a ga yadda za ta yi kyau a duhu, shi ke nan an shiga babban laifi na tarayya. A nan dariyata ta ɗan tsaya, don mun san samari in sun taru, kowa so yake ya nuna ya fi wani. Hmm, Allah ya shirya mana su.

Wannan kuma ta tarayya ce kawai. Kowace jiha da tata, kowane gari da nasa. A New Jersey dokar jiha ta buɗa ma'anar bindiga har ta haɗa da abin da ke harbi ta hanyar kunna wani abu mai kama wuta, wanda kuwa shi ne ainihin aikin igwar da ake fesa wa turare. Garuruwa da yawa kuma sun hana harba ko mene ne a cikin unguwa, ko da bindigar iska ce. Sai ki ga iyali sun sha wasansu lafiya lau a gonar kaka, an saka fayif a but ɗin mota an kama hanyar gida, an tsallaka iyakar jiha yara na barci a baya, ba wanda ya san an ɗauko magana. Kash!

Turawan Ingila da Jamusawa ba su tsaya tambayar zuciyar kowa ba, su awo suka ɗauko. Ku ara mini hankalinku kaɗan, ba lissafi mai wuya ba ne, ke mai hamma ina ganinki. Akwai ma'aunin ƙarfin abin da ke tafe da gudu, ana ce masa jul. Idan kika saki ƙaramin dankali mai nauyin giram 100 daga tsawon mita 1, ƙarfin da zai bugi ƙasa da shi kusan jul 1 ne. Shi wannan dankalin dai, in ya fito daga bakin fayif yana gudun mita 50 a daƙiƙa, wato kilomita 180 a awa, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga irin waɗannan igwoyi, ƙarfinsa jul 125 ne. Shi ke nan lissafin, kun ga bai yi zafi ba. Ku dai riƙe 125 ɗin nan a hannu.

Dokar bindiga ta Birtaniya, ita ma ta 1968, ta ce bindiga ita ce makami mai bututu da zai iya kisa. Shekara da shekaru kotuna na fama da tantance wanne ne zai iya kisa, wanne ne ba zai iya ba, har a 2017 majalisa ta yanke magana: duk wanda ƙarfin harbinsa ya haura jul 1. Ɗaya tak! An yi wa doguwar bindigar iska sassauci a Ingila da Wales, babba na iya mallakarta ba takarda matuƙar ba ta wuce kimanin jul 16 ba, a Sikotland kuwa tun ƙarshen 2016 ita ma sai da takarda. To ina 16, ina 125? Mai aiki da wuta ma ba ta cikin dangin bindigar iska, balle ta sa rai da sassauci. Jamus kuma, kun san su da tsari, iyakarsu jul 7.5, kuma dole a buga wa bindigar iskar tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar, mai saye kuma ya cika shekara 18. To fayif ɗin da aka manna da gam a gareji wa zai buga masa tambari? Ƙera bindiga ma a can sai da izini na musamman, don haka tun kafin dankali ya tashi mai ƙirar ya riga ya taka doka. Kai, Jamusawa ba sa wasa!

Ta Kanada ce ta fi ba ni sha'awa, ku tsaya ku ji. Su ma'auni biyu suka ajiye, gudun mita 152.4 a daƙiƙa da ƙarfin jul 5.7, kuma sai abu ya wuce duka biyun ake neman lasisi. Dankalinmu ya zarce na ƙarfi nesa ba kusa ba, amma gudunsa galibi bai kai can ba saboda nauyinsa, sai ya sulale ya tsallake lasisi. Kada dai ku yi saurin yi masa guɗa. Kundin laifukansu ya ce duk abu mai bututu da zai iya yi wa mutum mummunan rauni bindiga ce, da lasisi ko babu, in aka zo maganar nuna wa mutum ita, ko sakaci da ita, ko aikata laifi da ita. A 2014 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da haka a shari'ar wani mutum da bindigar iska, cewa ba sai an nuna da niyyar makami ya riƙe ta ba. Kun ga akasin Amurka ke nan, ga su kuwa maƙwabta iyaka ɗaya. Yadda ake gane mummunan raunin kuma, ku shirya: idon alade ake samowa, saboda ya yi kusa da na ɗan Adam, a harba a ga ko zai fashe. A'uzubillahi! Ke, daina bubbuga ni, da gaske nake, haka masana ke gwadawa su kai wa kotu sakamako. Oh, duniya!

Da muka iso Ostireliya kuwa sai mu sassauta murya. A watan Afrilun 1996 wani mutum ya buɗe wuta a Port Arthur, a tsibirin Tasmaniya, ya kashe mutum 35. Cikin mako biyu firaminista John Howard ya haɗa kan jihohi aka amince a tsaurara doka, daga baya gwamnati ta sayi bindigogi sama da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata. Tun daga nan ko bindigar iska sai da lasisi da dalili karɓaɓɓe. Kowace jiha da dokarta, amma akasari igwar dankali bindiga ce a idonsu, wanda ya haɗa ta ba izini kuwa bindiga ya ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Da farko mutum zai ce sun cika tsanani, a kan dankali? Amma ƙasar da ta yi jana'izar mutum 35 saboda abin da ya faru a yini ɗaya, wa zai ce mata ta saki jiki? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan, Allah ya kiyaye mu da ganin irin wannan rana.

Na san tambayar da ke bakinku, to mu nan gida fa? Dokar bindiga ta Najeriya ta 1959 ce, tun kafin 'yancin kai, kuma ma'anar bindigar da ke cikinta daga ta Birtaniya aka ɗauko: makami mai bututu da zai iya kisa, wanda ake harba harsashi ko wani abin jifa da shi. Ta kasa bindigogi gida uku. Manyan na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, su bindigar farauta da ta iska sai da na babban sufeton 'yan sanda, waɗanda ake ɗura wa ta baki irin na maharba kuma suna hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ba izini laifi ne. Yanzu ku ɗora wannan a kan halin tsaron da muke ciki. Wace uwa ce za ta so ɗanta ya tsaya a shingen bincike da dogon bututu mai maƙunni yana rantse-rantsen ai dankali yake harbawa? Ni kam a'a, wallahi a'a.

Amma bari in faɗa muku abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, ya fi duk wata doka. Ido ne. An fesa, an danna, shiru. An sake dannawa, shiru. Sai yaro ya juyo da fayif ɗin ya leƙa ta baki ya ga me ya hana, daidai lokacin da ɗan uwansa da ke riƙe da gindin ya sake danna maƙunni, shi ma don ya taimaka. Ku tuna 125 ɗin nan, a tazarar taƙi ɗaya daga fuska. Likitocin ido da na ƙashin fuska sun sha rubuta irin waɗannan raunuka a mujallunsu, ido ya tafi, ƙashin kunci ya karye, wani ma har ƙoƙon kai. Ga shi fayif ɗin kansa don ruwa aka yi shi. Masu ƙera shi da bakinsu suke gargaɗin kada a matsa masa iska, don in ya gaji ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake, gutsattsari masu kaifi ta ko'ina, sanyi da daɗewa a rana kuma na ƙara masa gautsi. Wanda ya rungume shi a ƙugu shi zai fara karɓa. In na tuna haka sai tsigar jikina ta tashi, in ji ina son in tattaro duk yaran unguwa in ƙirga idanunsu. Ya Allah, ka tsare mana.

Kada ku ce sai yara marasa wayo abin ke samu. A jihar Delaware ta Amurka a da akwai gasar cilla kabewa da aka fara a 1986, ta girma har ana nuna ta a talabijin, mutane na zuwa da iyalansu da kujerunsu da abincinsu. A can igwoyin iska ake jawowa a kan tirela, dogaye, na ƙarfe, waɗanda ke cilla kabewa fiye da kilomita 1, kuma masu su gwanaye ne da suka shekara suna yi. A 2016 wani sashe na ɗaya daga cikin igwoyin ya ɓalle lokacin harbi, ya sami wata mata da ke aiki da masu ɗaukar shirin talabijin, ta ji mummunan rauni. Magana ta kai kotu, shekarar da ta biyo baya ba a yi gasar ba. Ta fito neman halalinta ne fa kawai, baiwar Allah. Ayya.

To wace ƙasa ce ta yi daidai? Tsakanina da ku, zuciyata na son tambayar Amurka, don mutum take kallo, tana bambanta uban da ke wasa da 'ya'yansa a gona da mugun da ya saita tagar maƙwabci. Sai dai amsarta ba a saninta sai bayan abu ya faru, a ofishin 'yan sanda, lokacin da uwa ke zaune a benci tana jiran a fito mata da ɗa. Awon Turai ba shi da sassauci, amma ba ya yaudarar kowa. Ɗan shekara 15 zai iya karanta lambar ya gane matsayinsa tun kafin ya ɗauki zarto, ubansa ma zai iya ce masa a'a da hujja a hannu. In dole sai na zaɓa, shi zan zaɓa, saboda idon nan da na faɗa muku.

Abin da raina ba ya so shi ne a hana a kuma toshe kowace ƙofa, yaro mai basira ya fara rayuwa da tabon laifin bindiga a takardarsa, ya nemi aiki a ja baya, ya nemi biza a hana, duk a kan dankali. Ai an taɓa warware irin wannan. A shekarun 1950 samarin Amurka sun rinƙa haɗa rokoki a gida suna rasa yatsu da idanu, sai wasu manya masu hangen nesa suka kafa ƙungiya a 1957, aka rubuta ƙa'idojin tsaro, aka koma amfani da injinan da masana'anta ta haɗa ta gwada, ana fita fili nesa da gidaje, da babba mai sa ido, kowa ya ja baya kafin a ƙirga a harba. Har yau ana yi, yara na murna, iyaye na komawa gida hankali kwance. Me zai hana a yi wa masu dankali haka? A ba su fili, a ba su bututun da aka gwada ƙarfinsa, a sa musu tabarau, a koya musu cewa ba a leƙa baki ko da an danna sau goma bai tashi ba. Yaron da aka hana a fili ai ɓoyewa zai yi, mu da muka yi raino mun san haka. Ko ba haka ba, 'yan uwa?

Don wallahi dabarar kanta ba abin ƙi ba ce, manya ma da ita suke cin abinci. A filayen wasan ƙwallon kwando na Amurka da irin wannan igwa mai iska ake cilla wa 'yan kallo riguna kyauta, a naɗe riga a tura a bututu, ta faɗa can saman benci ana wawaso. Wadda ta fi duka kuma, ku riƙe cikinku. Kamfanonin ƙera jirgin sama suna da tasu igwar, ƙatuwa, mai matsattsiyar iska. Kun san tsuntsu kan yi karo da jirgi a sama, to ƙa'idar Amurka ta ce gilashin gaban babban jirgin fasinja dole ya jure bugun tsuntsu mai nauyin kusan kilo 2. Yaya za a tabbatar? Sai a samo kaza, matacciya ba mai rai ba, kada ku tsorata, a auna nauyinta, a tura ta cikin bututu, injiniyoyi masu manyan digiri su koma bayan shinge su kunna kyamarori, a harba ta a gilashin da gudun ɗaruruwan kilomita a awa. In gilashi ya tsaya, ya ci jarrabawa. Yanzu wasu sun koma amfani da wani dunƙule mai laushi da aka haɗa ya yi nauyin tsuntsu, amma kazar ce asali. Wato Hajiya, ranar da kika hau jirgin Jidda kina ta addu'a a kujera, irin gilashin da ke gaban matuƙinki sai da aka jefe shi da kaza kafin a yarda da shi. Kaza fa! Ke, riƙe ni kar in faɗo daga kujerar nan, wayyo Allah cikina!